Jirgi biyu, kuɗin guda: wanne za mu saya?



Yau ba zancen iri ko taki na kawo muku ba. Zancen jirgin ruwa ne. Kada ka ce ina ruwan malamin gona da jirgi. A bakin tabkin Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni, wanda ke riƙe da hauya da damana shi ne ke riƙe da taru da rani. Rumbu guda ne, aljihu guda ne. In jirgi ya cinye kuɗin, hatsi ne za a sayar a biya.

Kwanan baya wata ƙungiyar masunta ta kira ni shawara. Sun tara kuɗi, kuma an yi musu alkawalin bashi. An nuna musu jirage biyu na fibir. Na farko ƙarami ne, tsawonsa metir 4, cikinsa shimfiɗe kamar faifai, ana tuƙa shi da filafili ko da gora. Na biyu ya kusa metir 6, ƙasansa da tsini kamar ƙirjin zabo, an yi shi don a ɗaura mishi inji. Samari suna son babba. Tsofaffi sun yi shiru. Ga abin da na gaya musu, kai ma ka auna.

Mine ne fibir?

Ba katako ba ne, ba ƙarfe ba ne, kuma ba robar bokiti ba ce. Zaren kwalba ne siriri, a saƙa shi kamar tabarma, a jiƙa shi da wani danƙo mai suna rezin, a shimfiɗa bisa juna har ya daskare. A Amurka aka fara ƙera jirage da shi cikin shekarun 1940. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, ba ya tsatsa, ba ya son toshe-toshen da jirgin katako ke so kowace shekara. Kuma ka san manyan itatuwan maɗaci da kawo da kakanninmu ke sassaƙa kwalekwale da su sun yi wuya. Ke nan fibir yana da amfani.

Amma yana da aibi guda wanda mai sayarwa ba ya saurin faɗi. Fibir ya fi ruwa nauyi. Jirgin katako in ya cika da ruwa, sau da yawa yakan tsaya bisa ruwa, mutum ya riƙe shi har a kawo agaji. Na fibir in ya cika, ƙasa zai tafi kamar dutse, sai fa in an yi mishi akwatunan iska rufaffu, ko an cika ƙarƙashin kujerunsa da soso mai tashi bisa ruwa. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ka tambayi ruwanka tukuna

Tabki ba kogi ba ne. Tabkin Madarunfa, da ke kudu da Maraɗi, gulbi ne ke cika shi da damana. Daga kaka har bazara ja da baya yake yi. Haka Tabalak, da ke kan hanyar Tawa zuwa Agadas. Wata da yawa cikin shekara, inda tarwaɗa da karfasa suke shi ne bakin ruwa, cikin laka da bado da ciyawa.

Ga ɗan lissafi da aka koya muna a lise, mai sauƙi ne. Litar guda ta ruwa kilo guda ce. Jirgi yana nutsewa ne har ya ture ruwan da ya kai nauyinsa. A ce shimfiɗar ƙaramin jirgin nan metir 4 ce a tsawo, metir 1 a faɗi. Kowane kilo 40 da ka ɗora mishi zai nutsar da shi santimetir 1. A ce jirgin kansa kilo 80, mutum biyu kilo 140, jiƙaƙƙen taru da kifi kilo 100. Duka kilo 320 ke nan, wato santimetir 8, faɗin tafin hannu. Jirgin nan zai shiga inda ruwa bai kai gwiwa ba.

Mai tsinin ƙasa fa? Shi ruwa mai zurfi yake so. Ƙafar injinsa tana sauka ƙasa da cikin jirgin, farfela tana naɗe ciyawa, tana tsinka kallin maƙwabci. Kuma in yana tsaye ba kaya, ka miƙe za ka jefa birgi, sai ya karkata. Mai shimfiɗa kuwa yakan zauna daram, ka tsaya ka yi jifarka.

Inji ba ya haihuwar kifi

Samari suka ce mini: «Malam, da inji za mu zagaye tabki sau uku kafin hantsi.» Na ce gaskiya ne. Amma kifin da ke cikin tabki bai ƙaru ba don kun yi sauri. Inji mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake garwaya isansi da mai, in an buɗe shi duka yakan sha litar 6 zuwa 8 cikin awa guda. Je ka tambayi kuɗin lita a kasuwarku, ka ninka. Sa'an nan ka ƙidaya kilo nawa na karfasa za ka sayar kafin ka biya man yini guda. Ranar da ba a yi kamu ba ma, an ƙone man. Ƙara da buji, da farfela, da kuɗin motar kai inji birni wurin makanike. Filafili kuwa tuwo kaɗai yake ci.

Akwai kuma zancen ɗauka. Ƙaramin jirgi mutum huɗu za su ɗaga shi, su ɗora bisa amalanke. In tabkinku ya ƙafe, ku kai shi wani tabki da jaki ko sa. Babba kuwa inda ruwa ya bar shi nan zai kwana, rana tana cin fentinsa har damana.

Inda babba ya fi

Ban ce babban jirgi banza ne ba. In kana kogin Kwara, wajen Gaya ko Yamai, inda ruwa ke gudu kuma tafiya ke da nisa, shi ne naka. In kana ƙetarar da mutane da buhuna ranar kasuwa, kuɗin fito zai taimaka wurin biyan mai. Kuma in iska ta tayar da igiyar ruwa, mai tsini yana keta ta, mai shimfiɗa kuwa dukan ruwa yake yi, gefensa gajere ne, ruwa yana iya faɗowa ciki. Wannan gaskiya ce, ban ɓoye ta ba. Amsata ita ce: masuncin tabki yana ganin gaɓa kullum. In hadari ya haɗo daga gabas da farkon damana, ka fita. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai.

Kafin ka miƙa kuɗi

Ko wanne ka zaɓa, yi abubuwan nan biyar.

1. Nemi akwatunan iska ko soso. In babu, kada ka saya, ko kuwa ka ɗaure bido huɗu na litar 20, wofi, rufe gam, ƙarƙashin kujeru. Kowane guda yana riƙe kusan kilo 20 bisa ruwa.

2. Kife jirgin, ka ƙwanƙwasa cikinsa da ƙotar wuƙa. Wuri mai kyau ƙararsa tsaf take. Inda ka ji ɓus, fibir ya saki juna.

3. Taka tsakiyarsa da diddige. In ya lotsa kamar murfin tukunya, an yi rowar kaya.

4. Duba ƙasan, inda yake gogar yashi. Jan jirgi bisa tsakuwa kullum shi ke cinye fibir. A ƙara mishi kauri a wurin, ko ku dinga ɗaga shi.

5. Tambayi ina ake samun rezin, da maganin daskarar da shi, da tabarmar fibir. Ka ce a koya wa mutum biyu cikin ƙungiya yin faci: a busar da wurin, a goge, a shafa, a shimfiɗa, a jira. Kada ku sayi rezin da yawa ku ajiye, zafi yana daskarar da shi cikin gwangwani.

Na biyar ɗin nan da idona na koye shi. A wani ƙauye na ga jirgin fibir kife bayan danga, awaki suna hawa bisa. Hujin da ke jikinsa bai fi bakin ludayi ba. Masassaƙin garin gwani ne, amma ƙusa da katako ba sa kama fibir. Jirgi ya kwanta, bashi bai kwanta ba. Masu shi gero suka sayar suka biya.

Shawarata

Ga masuncin tabki, ni ƙaramin nake zaɓa, mai shimfiɗa, mai akwatin iska. In kuɗin babba da injinsa sun isa ƙanana biyu, ku sayi biyun. Gida huɗu za su ci abinci maimakon biyu, kuma ranar da guda ya huje, ɗayan yana ruwa. Abin da ya saura ku sayi rigar ruwa ta kowa, da taru mai manyan idanu, don ƙananan kifi su wuce su girma. Ku biya takardar izinin su wurin ma'aikatan ruwa da daji. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kai da ka iya karatu, kada ka ninke takardar nan ka sa aljihu. Kai ta gindin itace, ka karanta wa sarkin ruwa da ƴan ƙungiyarku. Ku yi lissafin da alli bisa allo, da farashin kasuwarku. In kun ga na yi kuskure, ku rubuto wa gidan rediyo, za mu karanta.

Allah ya tsare mu bisa ruwa da bisa tudu, ya ba mu damana mai albarka.