Batirin Kwamfuta: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A garin Wudil, inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da Kwalejin 'Yan Sanda ta Nijeriya suka tara ɗalibai da malamai daga sassa daban-daban na ƙasar nan, kwamfutar tafi-da-gidanka ta daɗe da shiga sahun kayan aiki na yau da kullum. Da ita ɗalibi ke rubuta kundin kammala digiri, da ita malami ke haɗa sakamakon jarrabawa, da ita kuma mai shagon buga takardu ke neman abin sawa a bakin salati. Sai dai duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san cewa tambayar farko da ake yi wa mai sayar da kwamfuta, tun kafin a zo kan sauri ko girman ma'adana, ita ce: awa nawa batirinta ke ɗauka idan an ɗauke wuta? A kan wannan batiri nake so mu yi nazari, musamman wani ɗan saiti da kamfanoni suka riƙe a hannunsu, alhali kuwa mai kwamfutar ne ya fi cancanta ya riƙe shi.

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake. Kusan dukkan kwamfutocin nan suna aiki ne da batirin lithiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma masana uku da suka share fagen ƙirƙiro shi suka samu lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2019. Wannan batiri yana da abokan gaba biyu. Na farko shi ne zama a cike taf na tsawon lokaci, na biyu kuma zafi. Idan kwamfuta ta wuni a jone da wuta, batirinta na tsaye a kashi 100 cikin 100, sinadaran da ke cikinsa suna lalacewa a hankali, ƙarfinsa na raguwa, wani lokacin ma ya kumbura har ya ɗaga allon rubutu. Idan zafi ya haɗu da wannan cikar, lalacewar sai ta ƙara sauri. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce a yi amfani da kwamfutocinsa a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a ƙasar Kano, a watannin Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, kuma ɗakunan ɗalibai da yawa ko fanka mai juyawa ba su da ita.

Maganin da injiniyoyi suka samo mai sauƙi ne: a tsayar da caji kafin batiri ya cika, a ce a kashi 80 ko 60, kwamfutar ta ci gaba da shan wuta kai tsaye daga bango. Wannan shi ake kira iyakar caji. Rigakafi ya fi magani, in ji masu iya magana, kuma babu mai jayayya a kan amfaninsa. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda kowane kamfani ya yi gaban kansa. Manhajar Windows, wadda mafi yawanmu ke amfani da ita, ta bar wa masu ƙera injin wannan al'amari. Dell da kwamfutocin ThinkPad na Lenovo suna barin mutum ya zaɓi lambar da caji zai fara da wadda zai tsaya. A wasu samfuran Lenovo masu rahusa maɓalli ɗaya ne tak, ko ka kunna caji ya tsaya a inda kamfani ya yanka, wanda a samfura da yawa kusan kashi 60 ne, ko ka kashe ya tafi 100. ASUS ta ba da matakai uku a samfura da dama, wato 60 da 80 da 100. HP ta sanya nata a cikin shafin saitin asali na injin da ake kira BIOS a kwamfutocinta na ofis, inda sai mutum ya kashe kwamfuta ya sake kunnawa kafin ya kai gare shi. Microsoft ta yi wa kwamfutocinta na Surface wata iyaka ta kashi 50. Akwai kuma tarin kwamfutoci, musamman tsofaffi da masu arha, da ba su da wannan saiti sam.

Wani zai ce, mutumin da ke fama da rashin wuta, ina ruwansa da rage caji? Ai shi neman cikawa yake yi. Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta ce ginshiƙin maganata. Mai kwamfuta a Wudil yana rayuwa ne tsakanin ranaku iri biyu. Akwai ranar da yake ofis ko ɗakin gwaji ko shagon da ke da sola ko janareta, kwamfuta a jone tun safe har la'asar cikin zafi. A wannan rana iyakar caji ce ke ceton batirinsa. Akwai kuma ranar da zai koma unguwa, ko ya hau mota zuwa Kano, ko ya shiga ƙauye tattara bayanan bincike, bai san lokacin da zai sake ganin wuta ba. A wannan rana kowane ɗigo na caji yana da daraja. Batirin da ke ba da awa 5 idan ya cika, awa 4 zai bayar a kashi 80, awa 3 kuma a kashi 60. Wanda aka ba shi zaɓi biyu kacal, 60 ko 100, an sa shi a halin gaba kura baya sayaki: ko ya yi asarar awa 2 na aiki a daren yau, ko ya gajarta rayuwar batirin da ba shi da kuɗin sake saye.

Kamfanoni suna da tasu hujjar, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa yawancin jama'a ba sa son shiga cikin saituna masu yawa, don haka gara a bar injin ya koyi ɗabi'ar mai shi, ya lura da lokacin da yake jona caji da lokacin da yake cirewa, sannan ya yanke hukunci da kansa. Wannan dabara tana da kyau a garin da wuta ba ta ƙiftawa, inda ma'aikaci ke jona kwamfutarsa ƙarfe 9 ya cire ƙarfe 5 kowace rana. To amma wace ɗabi'a injin zai koya a wurin da wuta ke zuwa ƙarfe 2 na dare yau, gobe ta zo da azahar, jibi kuma shiru? Tsarin hukuma kansa ya amince da wannan bambanci, domin an kasa masu shan lantarki rukuni-rukuni, daga na A da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, wanda aka ɗaga wa farashi zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni a Afrilun 2024, har zuwa na E mai awa 4. A Oktoban 2024 kuwa jihohin Arewa da dama sun kwashe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. Babu wata na'urar da za ta hango irin wannan. Mai kwamfutar ne ya san gobe yana da gabatar da kundi, shi ya san man janareta ya ƙare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Batun kuɗi ma yana nan. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai ga haura Naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024, darajar Naira kuma ta faɗi, duk kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi. Kwamfutocin da ɗalibanmu ke saye a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano galibi na hannu ne, waɗanda suka riga suka yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka, batirinsu ya ci rabin rayuwarsa kafin ya iso. A da can batiri a waje yake, ka zare ka sa wani cikin daƙiƙa kaɗan. Yanzu an mayar da shi ciki, an ɗaure da sukurori, a wasu ma an manne da gam, sai an je wurin mai gyara, kuma samun na asali ya zama aiki. Wanda batirinsa ya mutu a irin wannan hali ya koma fursunan soket, kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ta zama ta zauna-inda-wuta-take.

Abin da ake nema ba gagarumi ba ne, kuma an riga an nuna yana yiwuwa. A 2024 Apple ta ba masu sababbin wayoyinta na iPhone damar zaɓar iyaka daga kashi 80 zuwa 100, tana hawa da biyar-biyar. A 2025 masu manhajar GNOME ta Linux, wadda kyauta ake raba ta, sun saka iyakar caji a cikin saitin wuta na yau da kullum ga injinan da ke karɓar hakan. Tarayyar Turai kuma ta kafa doka a 2023 wadda ta tanadi cewa daga Fabrairun 2027 batiran ƙananan na'urori su zama waɗanda mai na'ura zai iya cirewa ya sauya. Idan waya za ta iya, me zai hana kwamfutar da ta fi ta tsada? A ba mutum damar zaɓar lambar da yake so, a sanya saitin a fili kusa da alamar batiri, a kuma ƙara maɓallin da zai ce a cika mini yau kawai, gobe a koma kan iyaka.

Na san ɗalibi ɗaya a Wudil ba zai juya akalar kamfanin da ke Amurka ko Sin ba. Amma akwai masu saye da yawa a cikinmu, kuma kasuwa tana jin maganar mai kuɗi a hannu. Jami'o'i da ma'aikatun gwamnati da bankuna suna sayen kwamfutoci ɗaruruwa a lokaci guda. Su rubuta a cikin sharuɗɗan kwangila cewa sai mai iyakar caji da za a iya saitawa, sai kuma mai batirin da ake iya sauyawa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta FCCPC su duba yiwuwar wajabta wa dillalan kwamfutocin hannu bayyana lafiyar batiri a rubuce. Sashen kimiyyar kwamfuta na jami'ar Wudil kuwa, wadda ta fara karatu a 2001, yana da ɗaliban da za su iya tattara jagora cikin Hausa, samfuri bayan samfuri, da ke nuna inda saitin yake, a raba wa masu gyara da sababbin ɗalibai.

Kafin nan, mai saye ya taimaki kansa. A kan Windows akwai umarnin powercfg /batteryreport, wanda ke fitar da rahoton ƙarfin da aka ƙera batiri da shi da kuma wanda ya rage masa. A nemi ganin wannan kafin a miƙa kuɗi. A tambayi dillali ko samfurin yana da iyakar caji. Wanda ke da ita ya kunna ta a ranakun zama, ya kashe a ranakun tafiya. A guji ɗora kwamfuta a kan katifa ko barin ta a cikin mota da rana, batirin da ya kumbura kuma a cire shi ba tare da jinkiri ba, domin yana iya haddasa gobara.

Wanda ya biya kuɗin kaya da guminsa, shi ya kamata a bar wa linzaminsa. Allah Ya kawo mu lokacin da wuta za ta wadata a Wudil da sauran garuruwanmu, Ya kuma sa masu ruwa da tsaki su ji wannan kira.