Wa Ke Yanke Cewa Zamanin Mutum Ya Wuce?

Dangoma, a ƙaramar hukumar Kalgo ta jihar Kebbi, gari ne da ya yi suna da sana'ar canjin kuɗi. 'Ya'yansa suna Legas da Abuja da sauran manyan birane suna saye da sayar da dala da fam da riyal. A wannan sana'a ba wanda zai tambaye ka shekarunka kafin ya danƙa maka kuɗinsa. Tambayar ita ce: yaron wane ne, wa ya tsaya masa? Saurayi zai iya fin maigidansa saurin lissafi a waya, ya riga shi sanin farashin da kasuwa ta wayi gari da shi, amma da ciniki ya yi nauyi sunan dattijon ake nema, domin amana ba a tara ta a damina ɗaya. Dokar sana'ar tana sauyawa, ko a 2024 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin kamfanonin canji fiye da 4,000, amma wannan ma'auni na amana yana nan inda yake.

Ƙanen wannan saurayi da ya zaɓi boko kuwa, labarinsa daban ne. Ya fara da allo, bai shiga firamare ba sai da ya kai shekara tara ko goma, kamar yawancin yaran ƙauyukanmu. Ya gama sakandare ya zauna jiran gurbin jami'a. Ya shiga, yajin aikin malaman jami'a ya cinye masa wata tara a 2020, ya ƙara cinye wata takwas a 2022. Ranar da ya karɓi digiri ya kusa talatin. In ya haura talatin ɗin, ba zai je bautar ƙasa ba, takardar yafewa za a ba shi. Ya tafi shagon kwamfuta a Birnin Kebbi ya biya kuɗi a cike masa fom ɗin neman aiki, ana shigar da ranar haihuwarsa shafin ya ƙi gaba, saboda bankin ko kamfanin ya ce kada mai nema ya wuce ashirin da shida ko da bakwai. Mai shagon ba ya ko ɗaga kai, sai ya ce, "Malam, sai dai ka je kotu ka gyara." Kowa ya san abin da ake nufi da gyara. Mutum zai je ya yi rantsuwa a rage masa shekara huɗu ko biyar. Wato matakin farko na shiga aiki a ƙasar nan shi ne rantsuwar ƙarya, sannan mu dawo muna kukan rashin amana a ofisoshi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a sama ba haka ake auna mutane ba. Muhammadu Buhari ya hau mulki a 2015 yana da shekara 72. Bola Tinubu ya hau a 2023 yana da 71. Farfesoshi suna aiki har 70, duk manyan alƙalai ma haka tun gyaran tsarin mulki na 2023, malaman makaranta kuma dokar 2022 ta kai su 65. Ba na ƙin ko ɗaya daga cikin waɗannan, da tsohuwar zuma ake magani. Amma ƙasar da ta yarda ɗan saba'in zai iya riƙe ragamarta ba ta da bakin ce wa ɗan talatin ya tsufa da zama a kanta yana ƙirga kuɗi.

Mu mutanen ƙasar Gwandu ma bai kamata a ruɗe mu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana dab da hamsin lokacin da ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma duk abin da duniya ta fi saninsa da shi bayan nan ya zo. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya jagoranci yaƙin Tabkin Kwatto yana ƙasa da arba'in, lokacin da jiki ke da ƙarfi. Amma babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai, ya kammala shi ne yana wajen hamsin, ya kuma ci gaba da rubutu da karantarwa har ƙarshen rayuwarsa. Da an auna shi da ma'aunin takobi kaɗai, da an ce ya ci zamaninsa tun kafin ya rubuta abin da ya fi daɗewa. Alƙur'ani ma, a Suratul Ahƙafi, shekara arba'in ya ambata tare da cikar ƙarfin mutum, kuma a wannan shekara aka aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Mata sun fi kowa shan wannan hukunci. Yarinya ta kai ashirin da biyar tana karatun jinya ko koyarwa, sai a fara raɗa a gidan biki cewa ta yi kwantai. Mace ta daina haihuwa, sai a mai da ita mai jiran jikoki kawai. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ba haka ta gani ba. Da ta kafa ƙungiyar 'yan taru, manyan mata masu hankali ta zaɓa ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka suna koya wa matan aure tsarki da salla da zaman duniya. Shekarun da mu muke ɗauka ƙarshen amfanin mace, a wurinta su ne sharaɗin ba ta aiki.

Gaskiya ne jiki yana da wa'adi. Ɗan dambe ya san ranar da hannunsa ya fara nauyi, mai noman shinkafa a fadama ya san shekarar da bayansa ya fara ƙin sunkuyo, kuma ba laifi soja su nemi matasa. Akwai kuma dattijon da ya daina koyo, ya daina sauraro, ya ƙi sakin kujera alhali aikin ya fi ƙarfinsa. Wannan zamaninsa ya wuce, amma aikinsa ne ya nuna haka, kuma akan sami irinsa ko a ɗan arba'in.

A 2023 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin Sanata Abba Moro na kira ga masu ɗaukar ma'aikata su daina gindaya sharaɗin shekaru. Ƙuduri ba doka ba ne, shi ya sa tallace-tallacen aiki suke fitowa yadda suka saba. Gwamnatin Kebbi ba ta buƙatar jiran Abuja a kan nata ma'aikatan. Duk lokacin da za ta ɗauki malamai ko ma'aikatan lafiya ko akawu, ta cire layin shekaru daga fom, ta zaunar da masu nema su rubuta jarrabawa, wanda ya ci ta ba shi aikin ko da shekararsa talatin da takwas. Majalisar dokokin jiha kuma tana da ikon mai da wannan doka a kan duk ma'aikatun jiha da ƙananan hukumomi 21.