Dodon Amurka ba maye ba ne

A ranar 11 ga Janairun 1972 gidan talabijin na ABC da ke Amurka ya nuna wani fim mai suna The Night Stalker. Labarin wani ɗan jarida ne, Carl Kolchak, wanda ya gano cewa mai kashe mata a birnin Las Vegas gawa ce mai tashi da dare tana tsotse jinin bayin Allah. Hukuma ta ƙaryata shi. Daga ƙarshe ya kafa wa dodon turke a ƙirji, manyan gari suka binne maganar, suka kore shi. Wannan halitta ita ake kira vampire da Faransanci da Ingilishi.

Irin waɗannan fina-finai sun daɗe da isowa gidajen kallo da wayoyin samari, daga Tsarnawa zuwa Ƙonni, Malbaza da Illela. Abin takaici shi ne, da yaro ya tambayi mene ne wannan, sai mai fassara ya ce masa: maye ne. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Dodon Turawa matacce ne, baƙo ne, ba shi da dangi a unguwa. Wanda Bahaushe ke kira maye kuwa rayayye ne, yana da suna da gida. Galibi tsohuwa ce marar gata, wadda za a ce ta kama kurwar yaron da zazzaɓin sauro ya kayar. A taru a kanta, a tilasta mata ta tsallake majinyacin, wani lokaci tsirara. Tun da an yi imani ana gadon maita, ƴaƴanta mata ma sai su rasa manema.

To, me fim ɗin ke koyarwa? Cewa mai shakka wawa ne, hukuma maƙaryaciya ce, magani kuma shi ne kisa. A Las Vegas ta cikin akwatin talabijin wannan nishaɗi ne. Amma idan aka liƙa wa dodon sunan maye, darasin ya tsallako katanga ya faɗa gidan maƙwabciya.

Masu cewa ai wasa ne kawai su tuna da Malawi. A 2017 jita-jitar masu shan jini ta sa gungun mutane suka kashe ƴan uwansu da ba su ji ba su gani ba, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga wasu gundumomin kudancin ƙasar.

Ba hana kallo ake nema ba; Bahaushe ya san Dodo tun a tatsuniya, bai kuwa haukace ba. Gyaran harshe ake nema. Malamin makaranta da mai fassarar fim su ce gawa mai shan jini, ko fatalwa, su bar kalmar maye. Magana zarar bunu ce, kuma tsofaffin da ba su taɓa ganin fim ɗin ba su ke biyan kuɗin wannan ganganci.