Kafin Ka Zuba wa Kwamfuta Ruwa, Fara Duba Zafin Memori

A zangon karatun da ya wuce, abokin ɗakina da ke sashen zanen gine-gine ya haɗa ɗan abin da ya tara da wanda babansa ya ƙara masa, ya sayo katin girafik ɗan gwanjo, RTX 3080, domin aikin furojet ɗinsa na ƙarshe. Mai shagon ya kunna masa katin, ya nuna masa zafinsa bai kai digiri 70 ba, ya ce lafiya lau. Sati biyu bayan haka sai ga matsala. Da ya saka zane yana renda, minti goma sai fankokin su fara ihu kamar injin markaɗe, aikin kuma ya koma tafiyar hawainiya. Duk wanda ya leƙo ɗakin shawararsa ɗaya ce: "Kai, ai ruwa za ka sa mata, kamar yadda ake yi a YouTube."

Ni dai ra'ayina shi ne, ga ɗalibi irinmu, sanyaya kati da ruwa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya yi tunani a kai. Yawancin masu ba da wannan shawara ma ba su san wane ɓangare ne yake zafin ba.

Katin girafik yana da babban guntu a tsakiya, shi ne ke yin lissafi. Kewaye da shi akwai wasu ƙananan guntaye baƙaƙe, su ne memori, inda ake ajiye bayanan hoton da ake aiki a kai. Lambar da mai shago ya nuna wa abokina ta babban guntun ce kawai. Memori yana da nasa zafin daban. Lokacin da NVIDIA ta fitar da RTX 3080 da 3090 a watan Satumba na 2020, ta saka musu wani sabon memori mai suna GDDR6X na kamfanin Micron, mai gudu sosai, mai zafi sosai. Sai a farkon 2021 manhajar HWiNFO ta fara nuna zafin cikinsa, a nan ne mutane suka gano cewa babban guntu na iya zama a digiri 65 ko 70 alhali memori ya haura 100. Idan ya kai wajen 110, katin da kansa yake rage gudu don ya tsira. Da muka saka manhajar a kwamfutar abokina, abin da muka gani ke nan, memori yana ta shawagi a bakin iyaka.

Me ya sa wannan ya fi shafar mu? Dalili na farko shi ne inda katunanmu suke fitowa. A watan Satumba na 2022 aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik, sai masu haƙar suka zubo katunansu kasuwa. Ita kuwa wannan haƙa memori ta fi wahalarwa, dare da rana babu hutu. Ba na cewa duk ɗan gwanjon da ka gani daga can ya fito, amma idan ka samu babban kati a farashin da ya yi maka daɗi, to ka tambayi kanka irin rayuwar da ya yi kafin ya iso hannunka.

Dalili na biyu shi ne garinmu. Waɗanda muke kallo a YouTube suna gwajinsu ne a ɗaki mai sanyi, digiri 22 ko makamancin haka. Mu kuwa a watan Afrilu zafin waje kan taɓa 40, ga rufin kwano, ga mutum huɗu ko shida a ɗaki ɗaya. Duk digiri ɗaya da iskar ɗaki ta ƙaru, kusan ɗaya ne zai ƙaru a kan katin. Hunturu kuma ya zo da nasa, ƙura ta toshe duk wata kafa da iska ke bi.

To ruwan fa? Bari in yi masa adalci, yana aiki. Ruwa yana ɗaukar zafi kusan ninki huɗu na iska idan nauyinsu ɗaya ne. Idan aka ɗora farantin jan ƙarfe da ya rufe katin gaba ɗaya, ruwa na bi ta cikinsa, zafin memori yana sauka sosai, ƙara ma ta ragu. Wanda ke da kuɗi da ɗaki nasa shi kaɗai da wuta tsayayya, ba ni da ta cewa a kansa.

Sai dai da yawanmu muna yi wa abin kallon randa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda ruwan yana tsattsafowa ta jikin ƙasar, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Na kwamfuta a rufe yake ruf, irin na mota ne: famfo ya tura ruwa ta cikin tiyo zuwa lagireto, fanka ta hura masa iskar ɗaki. Don haka ba zai taɓa yin ƙasa da zafin ɗakin ba. Idan ɗakinka yana 38, ruwanka daga 38 zai fara. Kuma lagireton ma ƙura tana toshe shi kamar yadda take toshe fankar da ka gudu daga gare ta.

Sannan ga hidima. Farantin ruwa na kowane samfurin kati daban ne, na wannan ba ya hawa wancan, kuma sai an yi odarsa daga waje da dala. Ga famfo, ga lagireto, ga tiyo da mahaɗai. Ba a zuba ruwan famfo ko na burtsatse, domin gishirin da ke ciki yana daskarewa ya toshe ƙananan hanyoyin farantin. Idan ka haɗa jan ƙarfe da alminiyam a zagaye ɗaya, ɗayan zai riƙa cin ɗayan har ya ɓule. Yanzu ka tuna cewa kowane hutu sai ka ɗauki kwamfutar nan ka saka ta a but ɗin mota zuwa gida, a kan titunanmu. Mahaɗi ɗaya ya saki, ɗigo ɗaya ya faɗa kan kati, shi ke nan, kuɗin Baba sun tafi.

Abin haushin ma shi ne, ana iya kashe duk wannan kuɗin memori bai huce ba. Wasu na'urorin ruwa masu araha babban guntun kawai suke taɓawa, su bar memori da 'yar fanka. RTX 3090 kuwa tana da guntayen memori 24, rabi a gaba, rabi a bayan katin. Farantin ruwa yana gaba, na bayan nan ba su san ana yi ba sai an ƙara musu nasu.

Ga abin da muka yi wa katin abokina. Da farko mun fitar da kwamfutar daga ƙarƙashin gado inda ya cusa ta saboda tsoron ɓarayi, muka hure ƙurar da bulowa, muna riƙe fankokin kada su juya. Na biyu, muka buɗe manhajar MSI Afterburner, kyauta ce, muka rage wutar da katin ke ja zuwa kashi 80 cikin ɗari. RTX 3080 tana cin wat 320, don haka ragin ya sauƙaƙa wa katin, ya sauƙaƙa wa janareta, gudun da aka rasa kuma ɗan kaɗan ne. Na uku, wani ɗan ajinmu mai hannu ya kwance katin. Tsakanin memori da ƙarfen da ke ɗauke zafi akwai wani ɗan soso mai laushi kamar cingam, shi ne gadar da zafi ke bi. Nasa ya bushe, yana marmashewa. Aka canza shi da sabo. A nan sai an yi hattara da kauri, domin akwai na milimita 1, akwai 1.5, akwai 2. Idan ya yi kauri da yawa zai ɗaga ƙarfen daga kan babban guntu, ka gyara nan ka ɓata can. Bayan an gama, memori ya sauko nesa da bakin iyaka, fankokin suka yi shiru, ya kare furojet ɗinsa lafiya. Kuɗin da ya kashe bai kama ƙafar kuɗin famfo kaɗai ba.

Masu laftof, kada ku ce ba ruwanku. Ɗora ta a kan katifa kuna renda daidai yake da toshe mata hanci. Ku ɗaga bayanta da littafi, ku bar manyan ayyuka sai dare ko da asuba.

Wanda kuma zai je sayen ɗan gwanjo, ya tafi da HWiNFO a filashi. Ka sa katin aiki mai nauyi na minti 20 a gaban mai shago, ka duba layin zafin memori idan katin yana nuna shi. Idan ya ce ba lokaci, kai ma ka ce ba kuɗi.

Ina kuma da roƙo ga ƙungiyarmu ta ɗalibai. Muna da 'yan sashen kwamfuta da na lantarki da na kanikanci da ke karanta yadda zafi ke ratsa ƙarfe, suna rubuta jarrabawa a kai, amma ba su taɓa buɗe kati ba. Me zai hana a ware Asabar ɗaya a farkon kowane zango, a samar da bulowa da sukundireba, kowa ya kawo kwamfutarsa a share ta, a auna zafinta? Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara mu gano matsalar a satin farko, da mu gano ta ana gobe kare furojet.