Shago Yana Da Waƙa, Amma Ina Littafinsa?



A wasan zari-ruga akwai 'yan wasa biyu masu lamba 1 da 3 da ke tsayawa a sahun gaba, su haɗa kafaɗa da abokan hamayya a yi ta turereniya. Su ne ginshiƙan ƙungiya, amma da wuya ka ga sun ci maki. Ɗaya daga cikinsu, Tendai Mtawarira, haifaffen Zimbabuwe, ya buga wa Afirka ta Kudu wasa 117 daga 2008 zuwa 2019, shekarar da suka ɗauki kofin duniya. Kowane wasa nasa a rubuce yake: rana, fili, abokin karawa da sakamako. Har littafin tarihinsa an wallafa.

To mu dawo gida. Wane Bahaushe ne bai san sunan Shago ba? Ɗan damben nan na ƙasar Ƙaura Namoda ya shiga kowane gida ta bakin Ɗan Anace. Amma a tambaye mu: dambe nawa ya yi? Sau nawa ya kara da Ɗandunawa, a waɗanne garuruwa? Wa ya fara ɗaura masa zare? Sai mu yi tsuru-tsuru.

Ba laifin makaɗi ba ne. Aikinsa ya zuga gwaninsa, kuma ya yi. Kirari ba ya faɗin ranar da aka kashe gwani a turmin farko, ko yadda ya ci da iyalinsa bayan hannu ya mutu. Wannan aikin mai alƙalami ne, mu kuwa mun tare a labaran soyayya da gidajen attajiran Abuja.

Wani zai ce dambe harkar layu ce da shashanci, bai cancanci tawada ba. Ai rubuta abu ba yabonsa ba ne. In akwai laya, mu rubuta laya. In akwai karaya da tsufa cikin talauci, mu rubuta su. Nan ma darasin yake.

Abin da ke tayar mana da hankali shi ne lokaci. Dattawan da suka kalli waɗannan karawa da idonsu suna ta ƙarewa. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a Zurmi da Shinkafi, kuma idan gari ya watse, labarinsa ma watsewa yake.

Don haka ga shawara. Kowannenmu ya nemi tsohon ɗan dambe ko ɗan kokawa ɗaya a unguwarsu, ko cikin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa gari. A nemi izininsa, a kunna rikodar waya, a tambaye shi ubangidansa, ɓangarensa, wanda ya kashe da wanda ya kashe shi. Abin da ya faɗa a gwada shi da bakin wani dattijon kafin a rubuta.

Shafi biyu sun isa a fara. Wa zai kawo nasa mako mai zuwa?