Baƙon da Ba Ya Sallama



Makon jiya, bayan la'asar, muna zaune a zauren dattijon da muke yi wa aikin rubutu a nan Domayo, cikin Marwa. An taru ne domin a karanta sunayen waɗanda suka ba da gudummawar gyaran rufin makarantar allo kafin damina ta sauka. Muka buɗe kwamfutar gidan, muka juyo da fuskarta wajen jama'a don kowa ya ga lissafi da idonsa. Ba a kai suna na goma ba sai ga wani ɗan akwati ya faɗo a kusurwar ƙasa, ɗauke da hoton mace ba suturar kirki, da rubutun Faransanci wai tana nan kusa tana jiran amsa. Zaure ya yi tsit. Wani ya kawar da kai yana istigfari, wani ya harari yaron gidan da ke tsugune a bakin ƙofa. Dattijo bai ɗaga murya ba. Ya dube mu ya ce, "Malam, wannan baƙon wa ya yi masa iso?"

Tambayar ta fi ƙarfin zaman ranar, shi ya sa muka kawo ta nan.

Kakanninmu da suka zo ƙasar nan da fatauci da almajiranci ba su gina gida babu zaure ba. Baƙo ya tsaya a nan, ya yi sallama, a aika yaro ciki, maigida ya fito ko ya ba da uzuri. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini, Sunna kuma ta koyar da cewa neman izini sau uku ne, in ba a amsa ba mutum ya koma. Ga shi yau mun ɗauko na'ura mun wuce da ita zaure, mun ajiye ta a ɗakin da ko maƙwabci na shekara talatin ba ya shiga, kuma ta cikinta kowane ɗan talla da kowane mazambaci a duniya yana leƙo iyalinmu. Ra'ayinmu shi ne tsare wannan ƙofa aikin maigida ne, daidai da kulle ƙyaure da dare. Ba ya halatta a bar shi a hannun yara, ko a jira sai abu ya lalace a kai wa mai gyara.

Yana da kyau mu san asalin baƙon. A ƙarshen shekarun 1990 wani Ba'amurke mai suna Ethan Zuckerman yana aiki a kamfanin Tripod. Wani kamfanin motoci ya fusata da ya ga tallarsa a kan shafin batsa, sai Zuckerman ya tsara hanyar da talla za ta riƙa fitowa a tagarta daban, nesa da shafin. A 2014 ya fito a mujallar The Atlantic ya nemi afuwar duniya. Dubi ikon Allah: abin da aka ƙirƙira don raba talla da alfasha shi ne yau yake kai alfasha zauren dattawa. Haka nan a wajajen 2002 'yan talla suka gano wata kafa a cikin Windows, wadda aka yi domin shugaban ofis ya aika wa ma'aikata sanarwa, suka riƙa jefo saƙonni ta nan ko da mutum bai buɗe shafin komai ba. Sai a 2004 Microsoft ya rufe kafar a sabuntawar Windows XP. Waccan ƙofa maƙerin na'ura ne ya bar ta a buɗe, shi ne kuma ya rufe ta. Ƙofofin yau kuwa, mabuɗansu suna hannunmu.

Guda uku ne muka fi gani a gidajenmu. Ta farko ita ce sanarwa. Tun 2015 manhajar Chrome ta ba shafuka damar aiko wa mutum saƙo ko bayan ya bar su, muddin ya amince. Shafi zai tambaye ka da kalmomi biyu, "Autoriser" da "Bloquer". Wasu shafukan sukan yi wayo su ce sai ka danna ta farko kafin bidiyo ya buɗe, ko don ka tabbatar kai mutum ne. Ka danna sau ɗaya, ka ba su izinin shiga har abada. Da muka bincika kwamfutar dattijo da daddare, shafuka goma sha ɗaya muka tarar da wannan izini, kuma wanda ya jefo hoton nan shafin sauke karatun wani malami ne. Ba yaron ne ya buɗe shi ba. Mu ne, da hannunmu, a watan azumi. Washegari muka nemi gafarar yaron a gaban waɗanda suka harare shi.

Ƙofa ta biyu ita ce manhajar banza. Yawancin kwamfutocinmu na gwanjo ne, kuma mai sayarwa yakan cika su da manhajojin da aka fasa, kyauta. A cikin irin wannan kyauta ake ɓoye 'yan ƙananan manhajojin da ba su da aiki sai jefo talla da sauya shafin da mutum ya nufa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ƙari a kan haka, da yawa suna ɗauke da Windows 7, wanda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Ta uku ta fi muni, ita ce ta tsoratarwa da kwaɗaitarwa. Fuskar kwamfuta ta cika da jan rubutu, wani lokaci har da ƙara, wai cuta ta kama na'urarka, ka kira lamba kaza yanzu. Ko kuwa wai ka ci kyautar waya, ka tura 'yan sefa kaɗan na aikowa, ko ka rubuta lambar sirrin asusun kuɗinka na waya. Gargaɗin gaskiya na Windows ba ya zuwa da lambar wayar da za a kira, kuma babu kamfanin waya na gaskiya da ke neman lambar sirrinka. Mun san gidan da kuɗin cefanen wata ya tafi ta wannan hanya, matar gidan kuma ta yi shiru har mako biyu saboda kunya.

A nan ne lamarin ya shafe mu fiye da wasu. Mu tsiraru ne a garin nan. A gida Hausa, a kasuwa Fulatanci, a makarantar allo da ta ilimi Larabci da ajami. Na'urar kuwa Faransanci take yi ko Turanci. Dattijon da zai warware maka mas'alar gado ba tare da ya duba takarda ba, in ya zauna gaban waɗannan kalmomi biyu sai ya danna wadda yatsa ya fi kusa da ita. Don kada a ce bai sani ba, ba ya tambaya. Don kada a zarge shi, in hoton banza ya fito sai ya rufe kwamfutar ya yi gum. Mazambaci kuwa da wannan kunyar tamu yake ci. Hotunan nan ba shaida ba ne a kan halin mai kwamfuta, kuma zargin yaro ko matar gida a kansu ba tare da bincike ba zalunci ne da zato, wanda addini ya hana.

Wasu daga cikin manyanmu sun ce maganin abin shi ne a fitar da kwamfuta daga gida baki ɗaya. Muna girmama kishinsu, amma ba mu bi su a nan ba. 'Ya'yanmu da ke Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, da ita suke rubuta ayyukansu. Da ita muke rubuta wasiƙun al'umma zuwa hukuma da Faransanci. Kuma wayar da ke aljihun kowa tana da waɗannan ƙofofi uku cif. Wanda ya kori kwamfuta ya bar waya, ƙyauren gaba ya rufe ya bar na baya.

Wasu kuma sun ce aikin gwamnati ne. Gaskiya ne Kamaru tana da doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet da laifuffukansa, akwai hukumar ANTIC, kuma a Disamba 2024 an sa hannu a dokar kare bayanan mutane. Wanda aka cuta ya kai ƙara, haƙƙinsa ne. Sai dai mai jefo saƙon yana iya kasancewa a wata nahiya, kuma a mafi yawan lokuta yana riƙe da izinin da muka ba shi da kanmu. Akwai alƙali a gari, amma ba wanda ke kwana ƙofa a buɗe saboda haka.

Aikin ba shi da wuya kamar yadda ake tsammani. Maigida ya zauna da ɗansa ko 'yarsa mai jin Faransanci, su buɗe Chrome, su shiga "Paramètres", su nemi sashen "Confidentialité et sécurité", daga nan "Paramètres des sites", sannan "Notifications". Duk shafin da aka gani an ba shi izini kuma ba a san shi ba, a cire shi, a kuma zaɓi hana shafuka tambaya gaba ɗaya. A duba jerin manhajojin da ke cikin na'urar da waɗanda aka liƙa wa Chrome, a cire waɗanda ba wanda ya san ranar da ya sa su. A buɗe wa yara nasu sashe wanda ba ya iya saka sabuwar manhaja sai da kalmar sirrin babba. In jan rubutu ya fito yana ihu, kada a danna komai a cikinsa, kada a kira lamba. A rufe manhajar, in ta ƙi a kashe na'urar. Takardun al'umma kuwa, na aure da na gudummawa da na filaye, a kwafe su a filash kuma a bar rijistar takarda a raye, domin mai gyara in abu ya cakuɗe masa goge komai yake yi.

Abin da muke roƙo ga shugabannin unguwa da limamanmu, a nan da Garwa da Ngaundere, ƙarami ne. A ware yammaci ɗaya a wata, a zaure, kowa ya zo da na'urarsa, matasanmu masu ilimin zamani su duba a gaban masu ita, suna bayani da Hausa. A yi wa mata nasu zaman a cikin gida da 'yan matan da suka iya. A rubuta kalmomin nan na Faransanci da ma'anarsu, da boko da ajami, a liƙa kusa da kwamfuta. Babba ya tambayi ƙarami ba ƙasƙanci ba ne, matambayi ba ya ɓata.

Mun fara da gidan dattijo. Yanzu akwai 'yar takarda manne a gefen kwamfutarsa, an rubuta "Bloquer" da manyan haruffa, a ƙarƙashinta da ajami an sa: ba shiga. Jiya ya kira jikansa ya ce a nuna masa inda jerin masu izinin yake, yana so ya riƙa dubawa da kansa duk Juma'a.

Allah Ya tsare mana gidajenmu da mutuncinmu, Ya sa mu gama lafiya. Amin.