Hukuncin Ƙara Wa Yaro Shekaru Domin Wasan Gem



A makon jiya wani ɗan kasuwa mai shago kusa da tashar motar Kawo ya tsaida mu bayan sallar La'asar da wata tambaya. Ya ce ya sayo wa ɗansa mai shekara 14 na'urar wasan nan da ake haɗawa da talabijin, watau PlayStation. Da yaron ya tashi shiga intanet domin ya kara da tsaransa, sai na'urar ta nemi ranar haihuwarsa, ta kuma ce sai babba ya tsaya masa. Abokansa suka ba shi shawara ya rubuta cewa ya kai 18, kowa ma haka yake yi. Uban yana son ya sani, ko akwai laifi, tun da na'ura za a yi wa ƙaryar?

Kafin amsa, ya kamata mu san yadda abin yake. Wasan da yara ke yi a gidajen gem na Kawo da Hayin Banki da Unguwar Dosa, su biyu a kan benci ɗaya, daban yake da wasan intanet. A na biyun yaro yana magana da mutanen da bai taɓa gani ba, manya da ƙanana, yana kuma iya sayen kayan wasa da kuɗi na gaske. Saboda haka kamfanonin suka tsara cewa wanda bai kai 18 ba, asusunsa ya zauna ƙarƙashin na babba. Babban shi ke ƙayyade lokacin wasa, da kuɗin da za a kashe a wata, da ko yaron zai yi hira da baƙi.

Ba don tsoron Allah kamfanonin suka yi haka ba, hukumomi ne suka matsa musu. Amurka ta kafa doka a 1998 mai hana tattara bayanan yaro ɗan ƙasa da 13 sai da iznin iyaye, kuma a 2022 kamfanin da ya yi wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 kan zargin keta wannan doka da yaudarar masu wasa wajen saye. Ƙasar Sin a 2021 ta taƙaita wasan intanet na 'yan ƙasa da 18 zuwa awa ɗaya a ranakun Jumma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu ma a Nijeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shardanta iznin uba ko waliyyi.

To, jama'a, iyakance abu da shekaru ba baƙon al'amari ba ne a Musulunci. Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, an gabatar da shi ranar Uhudu yana da shekara 14, Annabi (S.A.W.) ya mai da shi gida. Ranar Handaƙu, yana da 15, aka karɓe shi. Da labarin ya isa ga Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu, sai ya riƙe shi iyaka tsakanin yaro da babba, ya rubuta wa gwamnoninsa. Ku duba fa, jihadi wannan yaro yake kwaɗayi, amma bai ƙara wa kansa ko wata guda ba, mahaifinsa kuma bai ƙara masa ba.

Malaman fiƙihu sun yi saɓani kan shekarun balaga idan alamominta ba su bayyana ba. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun ce 15. Mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa shi ne 18. Sa'an nan balaga kaɗai ba ta isa a sakar wa yaro dukiya ba. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umurni a jarraba marayu, sai an ga shiriya gare su kana a miƙa musu dukiyarsu. A kan wannan aka gina babin hajru, watau tsare dukiyar wanda bai san tattalinta ba, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu. Wane ɗan kasuwa ne zai damƙa wa ɗan shekara 14 mabuɗin shago da katin banki, ya juya baya?

Amsarmu ita ce, rubuta shekarun ƙarya bai halatta ba, ko yaron ya rubuta ko uban. Na'ura ɗan aike ce kurum. Bayanta akwai mutane da ka ƙulla yarjejeniya da su sa'ad da ka danna alamar amincewa da sharuɗɗansu, kuma farkon Suratul Ma'ida ya wajabta cika alkawura, ba tare da ware wanda aka ƙulla da wanda ba Musulmi ba. Kasancewar kowa yana yi ba hujja ba ce.

Akwai kuma abin da ya fi damunmu. 'Yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati sun san yadda wasu ke zuwa kotu su yi rantsuwa su rage shekaru domin ritaya ta yi nisa. Wanda ya ƙara wa kansa shekara huɗu yana yaro, da sanin ubansa, me zai hana shi ya zaftare biyar idan ya kama aiki? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma kada a fahimce mu da cewa shekara 18 ta kamfani ita ce mizanin halal da haram. Malamai da yawa na wannan zamani sun tafi a kan halaccin wasa muddin bai shagaltar daga salla da karatu ba, kuma babu tsiraici ko caca a ciki. Wasan da ke ɗauke da batsa haramun ne ko ga mai furfura. Haka nan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi ba a san abin da ke ciki ba, waɗanda ƙasar Beljiyam ta ɗauke su caca tun 2018, mu ma muna ganin garari ne bayyananne, a nisance su.

Shawarar da muka ba mai tambaya ita ce muke ba kowane uba. Ka buɗe asusun da sunanka, ka sa na yaron a ƙarƙashinsa da shekarunsa na gaskiya. Ka duba lambar da ke jikin kowane wasa, irin su 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18. Ka rufe hira da baƙi, ka hana saye sai da izninka, ka ajiye na'urar a falo, a kashe ta in an kira salla. In ba ka iya ba, ka sa wanda ya iya ya nuna maka, ba abin kunya ba ne. Yadda ka ga hankalin yaron yana ƙaruwa, haka za ka riƙa sassauta masa, domin wannan shi ne jarrabawar da ayar ta yi nuni da ita.

Kamfani yana tsoron tara ne, kai kuwa kiwo aka ba ka, kuma za a tambaye ka. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.